Ɗan manomi da ɗan sarki a babbar lakwal ta Ingila

Manoma da makiyaya, ga labarin wani yaro daga ƙasar Ingila. Sunanshi Aizik Niyuton. An haife shi a 1642. Ubanshi manomi ne mai tumaki, ko sunanshi bai iya rubutawa ba, kuma ya rasu tun yaron yana ciki. Da Niyuton ya tasa, sai uwarshi ta hidda shi daga lakwal don ya kula da gona. Bai iya ba. Yana can yana lissafi, tumaki suna ɓarna a gonakin mutane, har aka ci shi tara. Dole aka maida shi karatu.

A 1661 ya shiga jami'ar Kambirij. Jami'a ita ce lakwal ta ƙoli, inda ake hidda likitoci da alƙalai da manyan ma'aikatan gwamnati. A Ingila duka babu kamar Kambirij da Oksfod.

To, a zamanin nan ɗalibai ba ɗaya suke ba. Ɗiyan sarauta suna sa hula mai tuntun zinariya, suna cin tuwo tare da malamai, har ana ba su takardar gama karatu ba tare da sun yi jarrabawa ba. Ƙarƙashinsu akwai masu biyan kuɗin karatu da na cimaka. Can ƙasa kuma sai masu yin barantaka don a rage musu kuɗi. Su ke tada manya daga barci, su kai musu abinci, su zubda tukunyar fitsari, kana su ci abin da ya rage. Cikin waɗannan aka rubuta Niyuton. Gidansu da rufin asiri, amma uwar ba ta sakin kuɗi don boko. Shekara 8 bayan haka, a 1669, baran nan ya zama babban malamin lissafi na jami'ar. Shi ya bayyana ƙa'idar da ke sa dutse ya faɗo ƙasa, wata kuma ya yi ta kewaya duniya.

An daɗe da kashe barantakar nan. Bambanci dai bai mutu ba.

A Ingila, yara kamar 7 cikin 100 ke zuwa lakwal ta kuɗi. Sauran duk ta gwamnati suke zuwa. Amma a 2023, cikin ƴan ƙasa da Oksfod ta ɗauka, kusan 1 cikin 3 daga lakwal ta kuɗi suka fito. Wani bincike na 2018 ya nuna makarantu 8 kaɗai sun shigar da yara Oksfod da Kambirij fiye da wasu makarantu wajen 2,900 a haɗe. Ɗaya daga cikin manyan makarantun kuɗi, Iton, ta hidda shugabannin gwamnati 20. Kuɗinta na shekara ya wuce fam 50,000 a 2024, wato fiye da miliyan 35 na sefa. Buhun hatsi nawa ke nan?

Ɗan talaka da ya samu shiga, wahalarshi ba ta ƙare ba. Jami'o'in nan biyu ba su son ɗalibi ya yi aikin neman kuɗi lokacin karatu. Sun ce zangon mako 8 ne kawai, aikin kuma da yawa. Gaskiya ne. Amma dokar ba ta cizon wanda ubanshi ke aiko mishi da kuɗi. Idan hutu ya zo, da yawa sai sun kwashe kayansu sun bar ɗaki, don ana ba baƙi hayarshi. Mai son zama sai ya nemi izini, sau da yawa ya ƙara biya.

Akwai kuma abin da ba a rubuta cikin doka ba. Ana yin cin abinci na ado da manyan bukukuwa masu tsada, mai kuɗi ya je ya yi abokai waɗanda gobe za su ba shi aiki. Wanda ya zo da harshen garinsu kuwa, sai a kwaikwaye shi ana dariya, kamar yadda ɗan birni ke yi wa baƙauye ran kasuwa. A 2022 an tambayi ɗaliban jami'o'in ƙasar, kusan 3 cikin 10 suka ce an taɓa yi musu ba'a ko an ware su saboda yadda suke magana.

Jami'o'in sun ji kukan. Suna ba ɗiyan marasa ƙarfi kuɗin taimako wanda ba a biya. A 2022 Kambirij ta buɗe aji na shekara guda kyauta, don share fage ga yara masu ƙwaƙwalwa waɗanda talauci ko rashin malamai ya tauye. Abin kirki ne. Sai dai ajin farko bai kai mutum 50 ba, jami'ar kuwa tana ɗaukar sababbi fiye da 3,000 kowace shekara.