Sarƙar da Ke Ɗauke da Kaya, Wa Ya Duba Ta?

A Tudun Wadan Zariya ɗaga kaya masu nauyi aikin kullum ne. Bakanike na zare injin mota da cen-bulok, ma'aikatan wuta na sauke tiransifoma da motar ƙugiya, magina na haurar da rodi da tanki saman bene. Kowa injin yake kallo, alhali abin da ya fi saurin cin amana shi ne 'yan kayan da ke tsakanin injin da lodin: sarƙa, igiyar waya, bel da bakin ƙugiya. Kamar rijiya ne, kome kyawun guga, in igiya ta ruɓe sai a kira mai ciro shi.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana da iyakar nauyin da aka yi shi dominsa, kuma masu ƙera shi kan buga adadin a jikinsa. Belin ɗaga kaya har launi gare shi: shuɗi mai ja-ja-ja tan 1, kore tan 2, rawaya tan 3. Wanda lambarsa ta goge ba a yin aiki da shi, domin ba wanda ya san ƙarfinsa. Haka nan wajibi ne a san nauyin kayan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 1,000 da ke cike ya haura tan guda.

Akwai wani lissafin da ke ruɗin mutane. Idan aka rataya kaya da sarƙa biyu, ana ɗauka kowace na riƙe da rabi. Hakan gaskiya ne in suna tsaye cak. Yayin da aka ƙara buɗe tsakaninsu, nauyin da ke kan kowace yana ƙaruwa, har idan buɗin ya kai digiri 120 kowace sarƙa tana jan nauyin kayan gaba ɗaya.

Dubawa iri biyu ce. Ta farko ta mai aiki ce, kafin ya fara: ya bi sarƙa ɗiya-ɗiya yana neman wadda ta miƙe, ta tsage ko ta side, ya duba igiyar waya ko silinta sun tsintsinke ko ta lanƙwashe, ya ga ko bakin ƙugiya ya buɗe ko marfinsa ya karye. Sarƙar da ta tsinke ba a kai ta wurin mai walda, ba a kuma haɗa ta da noti, don zafin wuta yana kashe ƙarfin ƙarfen. Yar da ita ake yi. Ta biyu ta ƙwararre ce. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987, wadda Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke kula da ita, ta wajabta a binciki sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya duk wata shida, a kuma rubuta sakamakon.

Sai gwajin nauyi. Sabon inji, ko wanda aka yi wa babban gyara, akan ɗora masa fiye da ƙa'idarsa, galibi da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, a kebantaccen wuri ƙarƙashin kulawar injiniya, sannan a sake duba shi a ba da takarda. Wannan ƙarin na ranar gwaji ne kawai, ba izinin yin lodi ba ne.

Kowa na tuna 11 ga Satumba, 2015, ranar da ƙugiyar gini ta faɗo a Masallacin Harami na Makka ana iska da ruwa, mutum fiye da 100 suka rasu, har da alhazan Najeriya. Hukumomin Saudiyya sun ce ba a ajiye injin yadda littafin ƙa'idarsa ya tanada ba. Inji ne na zamani, amma sakaci bai ƙyale shi ba.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma da yawan abin da ake kira tsautsayi ganganci ne. Mai hayar motar ƙugiya ya nemi takardar bincikenta kafin ciniki. Mai gareji ya hana yaransa shiga ƙarƙashin injin da ke rataye. Mai wucewa kuma ya janye yara daga wurin kallo, domin kayan da ke lilo a sama ba ya sallama kafin ya sauko.