Ina za ki kai ƙunzugun yaro bayan kin cire shi?

A da, uwa takan yanka tsohon zane ta yi wa jariri ƙunzugu. In ya ɓata shi, ta wanke ta shanya. Yau kuwa ko a kasuwar ƙauye za ki tarar da famfas a rataye, ana sayar da shi ɗai-ɗai. Ya rage wa mata wanki, wannan gaskiya ne. Amma ya zo da wata matsala da kakanninmu ba su sani ba: in an cire shi, ina za a kai shi? Ki leƙa bayan katanga ko cikin kwata a Maraɗi, ko Damagaram, ko Birnin Ƙonni, za ki ga inda gidaje da yawa suke kai nasu. Jariri sabon haihuwa yakan ɓata ƙunzugu 8 zuwa 10 a yini, wato kusan 300 a wata. In kuma ke mai raino ce, maƙwabta suna bar miki yara huɗu su tafi aiki ko kasuwa, ki lissafa da kanki abin da ke taruwa a gidanki a mako guda.

Kashin yaro ba ruwa ba ne

Sau da yawa muna jin ana cewa kashin jariri ba shi da illa, tunda nono kaɗai yake sha. Wannan magana ta kwantar da yara da yawa. Ƙananan yara sun fi manya yawan zawo, don haka kashinsu yakan ɗauki ƙwayoyin cuta masu yawa. Ta kashi ake ɗaukar kwalara, da zazzaɓin taifod, da atuni, da tsutsar ciki, da shan inna. Ta nan ne kuma ƙwayar rota take yaɗuwa, wadda ke sa jarirai zawo da amai mai tsanani. Tun shekarar 2014 ake ba da rigakafinta a Nijar, ɗigo ne a baki, ki tabbata ɗanki ya samu. Yaro yana iya ɗauke da cuta a cikinsa alhali yana wasa lafiya lau.

Hanyar cutar gajeriya ce. Ƙuda ya sauka a kan famfas da aka yar, ya tashi ya sauka a bakin kwanon fura. Kaza ta tona, ta bi ta kan tabarmar da yaro ke rarrafe. Da damina ruwa ya kwashi abin da ke juji ya kai shi tafki ko bakin rijiya. Mutanen Madarunfa ba su manta da kwalarar 2018 ba, ta kuma sake dawowa jihohi da dama a 2021.

Ki duba kafin ki naɗe

Ƙunzugu yana ba ki labarin lafiyar yaro, kada ki yar da shi ido rufe. Jaririn da ke samun isasshen nono yana fitsari aƙalla sau 6 a yini da dare. Famfas yana shanye fitsari har ya ɓoye shi, don haka ki ɗaga shi ki ji nauyinsa. Kashin mai shan nono zalla ruwan ɗorawa ne, mai laushi, ba shi da wari sosai, kuma yawansa ba zawo ba ne. Wari yakan ƙaru bayan wata 6, in an fara ba shi kunu da abinci.

Ki kawo yaro asibiti ba tare da jinkiri ba in kin ga jini a kashinsa, ko kashin ya yi fari kamar alli, ko ya zama ruwa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko ƙunzugu ya wuce awa 6 a bushe alhali yaron yana zawo. Kafin ku iso, ki ci gaba da ba shi nono, ki dama ƙunshin gishirin zawo cikin tsabtataccen ruwa yadda aka rubuta a jikinsa, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Daga ina warin yake fitowa?

Fitsarin da aka yi yanzu ba ya zarni sosai. Sai ya daɗe, ƙwayoyin da ke cikin kashi su ruɓar da shi, ya fara fitar da iskar nan mai hawa kai da ake kira amoniya. Zafi yana gaggauta wannan aiki. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, famfas da aka bari a ɗaki da safe ya isa ya hana kowa zama kafin azahar. Wannan haɗin fitsari da kashi shi ne kuma yake cin fatar yaro, gindinsa ya yi ja ya saɓe.

Shi ya sa turaren wuta ba magani ba ne. Ƙamshi ne kawai ya hau kan ɗoyi, abin da ke ruɓa yana nan inda yake, ga hayaƙi kuma yana shiga ƙirjin jariri. Haka ma turaren fesawa. Mun san mace ba ta son baƙo ya shigo ɗakinta ya ji wani abu, amma a fara fitar da abin tukuna, a buɗe taga, turare ya biyo baya lokacin da yaron ba ya ɗakin.

Babban sirrin shi ne raba kashi da ƙunzugu. Da zarar kin cire, ki je salga ki kakkaɓe kashin a ciki, ko ki kankare shi da ɗan kara ki jefa karan a ramin. Wannan kaɗai yana rage yawancin warin. Sannan ki naɗe famfas ɗin ta yadda dattin zai koma ciki, ki manne shi da maɗaurinsa, ki sa a leda ki ƙulle bakinta tam. Ki tanadi bokiti mai murfi don wannan aiki kaɗai. Wurinsa waje ne, a inuwa, nesa da madafa da randar ruwa, inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba. Ki zuba tokar murhu kamar tafi biyu a gindinsa, tana shan danshi tana korar ƙuda. Ƴan gutsattsarin gawayi ma suna rage wari. Kada abin da ke ciki ya kwana biyu. Kullum a zubar, a wanke bokitin da sabulu, a kife shi a rana.

Rami, wuta, ko juji?

Nan ne wahalar take. Famfas leda ne da wani abu mai laushi kamar auduga da wani gari da ke shan ruwa ya kumbura ya yi kauri. Ba ya ruɓewa kamar tsumma, shekaru masu yawa yake yi a ƙasa. In kin jefa shi a masai na zamani mai zuba ruwa, zai toshe bututu. In salgar rami ce, zai cika ta da wuri, masu kwashewa kuma su sha wuya. A kwata yana tare ruwa, sauro ya samu gida. A juji kuwa awaki da tumaki suna cinsa, ki tambayi mahauta irin ledar da suke tararwa a tumbin dabba.

Ƙonawa ma ba ta yi. Abu ne jiƙaƙƙe, ba ya cin wuta, sai dai ya yi ta tunnuƙa baƙin hayaƙin leda mai cutar da huhu, ya bar rabinsa ɗanye. Wasu mata suna cewa in an ƙona kashin yaro gindinsa zai yi ƙuraje. Wuta ba ta jawo wannan, ƙunzugun da ya daɗe a jiki ne yake jawo shi. Amma ko ba don wannan ba, hayaƙin ya isa dalilin bari.

In gidanku yana da fili, abin da ya fi shi ne rami na musamman. Maigida ya haƙa shi mai zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, ba a gangaren da ruwan sama ke bi ba. A rufe bakinsa da langalanga ko faifan ƙarfe mai nauyi saboda yara da karnuka. Duk sanda aka zuba, a bi da ƙasa ko toka. In ya rage rabin mita ya cika, a binne shi gaba ɗaya a haƙa sabo. In kuwa gidan haya kike a cikin gari, ba wurin rami, ki ba masu kwasar shara a ƙulle cikin leda, bayan kin zubar da kashin a salga. In duk waɗannan ba su samu ba, jefa shi cikin salgar rami mai zurfi ya fi jefa shi bayan gida nesa ba kusa ba.

Ƙunzugun zane

Kada ki raina shi. A ƙasa mai rana irin tamu yana bushewa da sauri, ba ya cin kuɗi, ba ya barin shara. Mata da yawa suna sa zane da rana a gida, su ajiye famfas don dare da tafiya, kuma dabara ce mai kyau. Ki kakkaɓe kashin a salga, ki ɗauraye, ki wanke da sabulu a robar da ba a wanke kwanuka a cikinta. Ruwan wankin salga za shi, ba tsakar gida ba. Ki shanya a kan igiya cikin rana, kada a ƙasa ko a kan dangar da awaki ke goga jiki. In yaro yana zawo, ki tafasa ƙunzugun, ko ki jiƙa shi minti 30 cikin ruwan jabel, ma'auni 1 na jabel a ma'auni 50 na ruwa, sannan ki ɗauraye sosai. Kada ki zuba jabel a kan zanen da ke jiƙe da fitsari, kada kuma ki haɗa shi da wani maganin wanki, domin yana tayar da iska mai shaƙe numfashi. Kwalbar kuma a ɗora ta sama.

In yaran wasu kike raino

Ki ware wuri guda na canza ƙunzugu, ki shimfiɗa leda mai kauri wadda za ki goge da ruwan sabulu bayan kowane yaro. Kada ya zama tabarmar da ake cin abinci. Kowane yaro da tsummansa. Zanen da ya ɓaci ki ƙulle shi a leda ki ba uwarsa in ta zo ɗauka, ki kuma gaya mata abin da kika gani a kashin. Yaron da ke zawo ya zauna gidansu sai ya warke. Faɗin haka ga maƙwabciya yana da nauyi, amma sauran ukun ma amana ce a hannunki. Kada ki aiki ƙaramar yarinya da bokitin, sai wadda ta san ta wanke hannu.

Ruwan buta kaɗai ba ya fitar da ƙwayoyin cuta. Bayan kowane canji ki wanke hannunki da sabulu, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ki wanke na yaron ma, don hannunsa yakan kai can kafin ki ankara. In sabulu ya ƙare, ki cuɗa da toka mai tsabta ki ɗauraye. Ki ajiye buta da sabulu dab da wurin canjin, yadda ba sai kin tashi nema ba.