Tiyatar Zuciya Da Maganin Tsinka Jini: Gyara Tambaya, Ceto Rai

Kwanakin baya na raka wani kawuna daga Safana zuwa asibitin da aka tura shi domin a yi masa aikin zuciya. Likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce ko ɗaya. Muna fitowa sai na ga ya ɓare ƙunshin Alabukun ya zuba a ruwa. Na ce, “Kawu, wannan fa?” Ya ce, “Ai wannan na gajiya ne, ɗana.”

Kawu bai yi wa likita ƙarya ba. A fahimtar mutanenmu na Batsari da Safana, idan likita ya ce “magani”, to wanda asibiti ta rubuta yake nufi. Abin da aka saya a kyamis ko a tiren mai talla ranar kasuwa ba ya shiga lissafi. Alhali garin Alabukun asfirin ne a cikinsa, shi kuwa asfirin yana kashe ƙarfin ƙwayoyin da ke toshe bakin rauni har na tsawon kwana 7 zuwa 10.

Mai karatu, aikin zuciya ba kamar sauran ayyuka ba ne. Ana tsaga ƙashin ƙirji, a karkatar da jini zuwa na’ura, a ba majiyyaci hefarin don kada jinin ya daskare a cikinta, bayan an gama a warware shi da furotamin. Wanda ya shiga da jinin da ya riga ya tsinke na iya ci gaba da zub da shi bayan ɗinki, har a nemi ƙarin jini ko a sake buɗe shi. Shi ya sa likitoci kan dakatar da kulofidogirel ko wafarin kimanin kwana 5 kafin aiki, su auna jinin mai shan wafarin su tabbatar ya koma daidai.

Makiyayan dajin Rugu za su fi kowa gane ƙarfin wafarin. A shekarun 1920 ne shanu a Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa. Daga binciken wannan annoba aka samo shi, aka fara sayar da shi a matsayin gubar ɓera a 1948, sannan aka amince wa ɗan Adam da shi a 1954.

Sai dai a kula, tsoron zubar jini kada ya sa wani ya ajiye maganinsa da kansa. Mai ƙofar zuciya ta ƙarfe da ya bar wafarin na iya samun gudan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Shi kansa asfirin, sau da yawa likita kan ce a ci gaba da ƙaramin awonsa har ranar aiki. Hukuncin na likita ne.

Kirana ga ma’aikatan lafiya shi ne su gyara tambayarsu. Su ce, “Me da me kake sha, na asibiti, na kyamis, da na gargajiya?” Mu kuma masu rakiya mu tattara duk wani kwali da ƙunshi mu ajiye a gaban likita. Haka na yi da kawu. Muka koma da ledar, likita ya duba, ya ɗaga ranar aikin da mako guda. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.