Fadoji a matsayin gidajen tarihi: Abin da Maraɗi za ta koya daga Kano da Italiya

A shekarar 1945 ambaliyar ruwa ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, lamarin da ya tilasta wa jama'a komawa tudu. Tun daga lokacin garin ya san yadda tarihi ke salwanta.

Wasu biranen sun tsare nasu ta hanyar buɗe fadoji ga jama'a. A birnin Florence na Italiya, fadar Pitti da aka fara ginawa a 1458 yau tana baje zane-zanen Raphael da Titian. A Kano kuwa, Gidan Makama da aka gina wa Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 ya zama gidan tarihi da ɗalibai ke ziyarta.

Tambura da takubban sarautar Katsinan Maraɗi da ta Gobir a Tsibiri sun cancanci irin wannan gata.