Bayan kwana 90: Yadda masu aikin sa-kai ke riƙe iyalan 'yan gudun hijira a Clarkston

Clarkston ƙaramin gari ne da ke gabas da birnin Atlanta, a Jihar Jojiya ta Amurka. Ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa ba su kai 15,000 ba, amma kusan rabinsu a wasu ƙasashe aka haife su, irin su Somaliya, Habasha, Sudan, Kongo, Myanmar, Siriya da Afganistan. Abin da ya tara su a nan shi ne arhar haya. Tun cikin shekarun 1990 ƙungiyoyin da ke tsugunar da 'yan gudun hijira suka gano cewa garin na da rukunonin gidajen haya da aka gina a shekarun 1970, waɗanda masu hali suka ƙaurace wa, ga kuma motocin safa da ke kai mutum Atlanta ko da bai mallaki mota ba.

Tsarin da ya kawo su ya samo asali ne daga dokar 'yan gudun hijira ta 1980, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sanya wa hannu. Gwamnati ke tantance mutum tun yana ƙetare, sannan ta miƙa shi ga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ta ƙulla yarjejeniya da su, akasarinsu na addini. Ƙungiyar ce za ta tarbi iyali a filin jirgi, ta kama musu gida, ta sa yara makaranta, ta nema wa manya aiki. Wa'adin wannan hidima kwana 90 ne kacal. Kuɗin jirgin ma bashi ne marar ruwa, wanda ake fara biya wata shida bayan isowa. Tsarin dai ya ɗauka cewa magidancin da ya shekara goma a sansani zai iya tsayawa da ƙafarsa cikin wata uku, a harshen da bai taɓa ji ba. Kowa ya san ba haka abin yake ba, kuma wannan giɓin ne masu aikin sa-kai ke cikewa.

Wanda bai sani ba zai zaci aikin nasu rabon barguna da tukwane ne. Akwai wannan, amma shi ne mafi sauƙi. Babban aikin shi ne karanta wasiƙa. A Amurka kusan komai ta akwatin gidan waya yake zuwa: takardar kuɗin wuta, ranar ganin likita, saƙon makaranta, tallan 'yan kasuwa, har da tarkon 'yan damfara, duk cikin ambulan masu kama da juna. Iyalin da ba ya karanta Turanci ba zai bambance wadda za a jefar da wadda ke iya raba shi da muhallinsa ba. A dokar Jojiya, idan mai gida ya shigar da ƙarar tashi, kwana bakwai ɗan haya ke da su ya mayar da amsa ga kotu. Idan takardar ta kwana bakwai a kan tebur ba wanda ya fahimce ta, ana iya yanke hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma tabon ƙarar zai riƙa bin sunansa duk inda ya je neman haya. Mutum ɗaya da ke leƙo gidan kowace Asabar ya zauna ya tace wasiƙun nan ya fi mota guda ta kayan sadaka amfani.

Gidajen kansu sun tsufa. Yoyon ruwa, kyankyasai da lalacewar na'urar ɗumama ɗaki ba baƙin abu ba ne a irin waɗannan rukunoni, kuma wanda ya tsere wa hukuma a ƙasarsa ba ya saurin kai ƙorafi. Sai a Yulin 2024 wata sabuwar dokar jihar ta fara aiki, wadda ta wajabta cewa gidan haya ya zama wanda ɗan Adam zai iya zama a ciki, ta kuma hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata biyu. Doka ba ta amfanar wanda bai san da ita ba. Mai aikin sa-kai ne ke nuna wa uwar gida yadda za ta ɗauki hoton ɓarnar, ta rubuta buƙatar gyara, ta ajiye kwafi.

Sauran ayyukan sanannu ne: koyar da Turanci, raka mutum ya gane layin safa, taya yara aikin gida. Wani lokaci ƙaramin abu kan girma. A 2004 Luma Mufleh, haifaffiyar Jodan, ta fara horar da yaran unguwar ƙwallon ƙafa, ƙungiyar da aka sani da Fugees, daga baya abin ya zama makaranta.

Aikin na da nasa ɓarnar idan aka yi shi da ka. Akwai mai zuwa sau biyu ya ɗauki hoto ya ɓace, ya bar yara na tambayar ina ya shiga. Akwai mai yi wa iyali komai har su kasa koyon yi da kansu. Akwai kuma halin mayar da yaro ɗan shekara goma tafinta a gaban likita, ya ji abin da bai kamata ya ji game da mahaifiyarsa ba. Shi ya sa ƙungiyoyi masu tsari ke bincikar tarihin mai son shiga, su horar da shi, su nemi ya ɗauki alƙawarin watanni. Ba a cika faɗa ba, amma taimakon farko sau da yawa daga maƙwabcin da ya riga zuwa da shekara biyu yake fitowa, shi da ya san inda ake sayar da naman halal da kuma motar da ke kwasar ma'aikata zuwa masana'antar sarrafa kaji.

Nauyin ya ƙaru ainun daga 2025. A shekarar kasafi ta 2024 Amurka ta karɓi 'yan gudun hijira kusan 100,000. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da shirin, kwanaki kaɗan bayan haka aka umarci ƙungiyoyin su tsayar da ayyukan da gwamnati ke biya, har ga iyalan da ba su cika kwana 90 ɗin ba. An rufe Welcome Corps, shirin da tun 2023 ya bai wa mutum biyar ko fiye damar haɗa kuɗi su ɗauki nauyin ɗan gudun hijira. An rage wa'adin tallafin kuɗi da na magani daga wata 12 zuwa wata huɗu. Adadin da aka sanar a 2025 cewa za a karɓa a shekarar kasafi ta 2026 kuwa 7,500 ne, kuma fararen fata 'yan Afirka ta Kudu aka bai wa fifiko.

Masu aikin sa-kai na iya karanta wasiƙa, su kai mara lafiya asibiti, su tsaya wa iyali a gaban mai gida. Hayar wata-wata kuwa ta fi ƙarfin aljihun mafi yawansu, kuma a tsarin da aka gada tun 1980 kason gwamnati ne a watannin farko. A rukunonin Clarkston, kamar ko'ina a Amurka, ranar ɗaya ga wata ake biyanta.