Guzurin tafiyar ruwa: Abin da ya kamata iyali su tanada kafin shiga kwale-kwale a yankin Nguru da Gashuwa

Ga magidancin da ke zaune a Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa a arewacin Jihar Yobe, zuwa Nguru ko Gashuwa tafiya ce ta kwalta. Amma da zarar ya bar babban titin ya yi kudu, cikin fadamun da kogunan Haɗeja da Jama'are ke shayarwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, akwai watannin da hanya ke ƙarewa a bakin ruwa. Daga nan kuwa sai fito. Da kwale-kwale ake zuwa biki da suna da ta'aziyya, da shi ake cin kasuwa, da shi kuma wasu iyalai ke fita buɗe ido a tafkin Nguru, ko kallon tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a Dagona.

Yankin ba baƙo ba ne ga masu yawon shaƙatawa. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko a Najeriya. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989. Sai dai ruwan da ke jawo baƙi shi ne kuma ke cin rayuka. A daren Asabar, 3 ga Janairun 2026, wani kwale-kwale da ya taso daga Adiyani a ƙaramar hukumar Guri ta Jihar Jigawa ya kife a hanyarsa ta zuwa Garbi da ke ƙaramar hukumar Nguru. Hukumar ba da agajin gaggawa ta Jihar Yobe ta ce mutum 52 ne a ciki, an ceto 13, kuma a rahoton farko ta tabbatar da mutuwar 25.

Saboda haka shirya kayan tafiyar ruwa ya bambanta da shirya kayan tafiyar mota. Mai shiga mota yana tambayar kansa abin da zai buƙata idan ya isa. Mai shiga kwale-kwale da mata da yara sai ya ƙara da tambaya ta biyu: me zai kasance a jikin kowa idan jirgin ya karkata? Abin da ke ƙulle cikin buhu a ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji ba ya da amfani a wannan lokacin.

Abu na farko shi ne rigar kariya daga nutsewa. Ƙa'idojin sufurin ruwa na hukumar NIWA, wadda ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, sun wajabta sanya ta ga kowane fasinja, sun haramta lodi fiye da kima, sun kuma hana tafiyar dare. A 2025 Ma'aikatar Harkokin Teku ta Tarayya ta fara rabon riguna 42,000 ga jihohi 12. Adadi ne da ya yi kaɗan idan aka kwatanta da yawan masu tsallaka ruwa kowace rana a ƙasar nan, kuma ƙananan mashigan ƙauye, inda babu jami'i ko ɗaya, su ne na ƙarshen samun rabo. Iyalin da suke yawan bin ruwa gara su mallaki nasu, su riƙa tafiya da su kamar yadda ake tafiya da buta da darduma.

Ba kowace riga ce ke yi wa kowa ba. Ana auna rigar yaro ne da nauyinsa, kuma akan rubuta adadin kilo a jikinta. Idan aka sanya wa ɗan shekara biyar rigar babban mutum, da zarar ya faɗa ruwa rigar za ta haura sama, shi kuma ya sulluɓe ta ƙasa. Rigar yara ta ƙwarai tana da ɗamarar da ke bi ta tsakanin cinyoyi, da tudu a bayan wuya da ke tallafe kai. Gwajinta a gida ba wuya: a ɗaure ta sosai, a kama kafaɗunta a ɗaga; in ta haura har ta rufe haɓa ko kunnuwan yaron, ta yi masa yawa. Rigar da sosonta ya lotse ko ɗamararta ta ruɓe sunanta kawai riga. Haka nan rigar da aka yi matashi da ita aka zauna a kai.

Akwai wani batu da ba a cika tattauna shi ba, alhali ya shafi kusan kowane gida, wato goyo. An ƙera rigar kariya ne ta yadda za ta juya mai sanye da ita ya kwanta rigingine, fuskarsa na kallon sama. Uwar da ta sanya riga da jariri a bayanta, in ta faɗa ruwa, rigar da za ta cece ta ita ce za ta danna jaririn ƙarƙashi. Kwance zani da majanyi a cikin ruwa, cikin firgici, ba abu ne da za a dogara da shi ba. Abin da ya fi shi ne a sauke goyon tun a bakin gaɓa, a sanya wa jaririn tasa rigar, a riƙe shi a cinya. Wannan yana nufin hannuwan uwar su kasance babu komai, wato kwano da ƙunshi da jaka su koma hannun wani.

Daga nan lissafin ya koma kan mutane. Kowane yaro ƙarami ya kamata a ce ga babban da ke da alhakinsa, a faɗa a fili kafin a shiga jirgi, kuma su zauna kusa da juna. Abin da ya faru a Bagwai ta Jihar Kano a ranar 30 ga Nuwamban 2021, lokacin da kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya a kan hanyarsu ta zuwa Maulidi, mutum aƙalla 29 suka rasu, ya nuna illar tara yara da yawa a jirgi ɗaya da manya ƙalilan. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan yaran gida sun fi manyan yawa, a raba tafiyar sawu biyu, ko da kuɗin fito zai ninka.

Tufafi ma kaya ne. Babbar riga da shadda mai kauri da dogon hijabi suna shan ruwa, suna naɗe ƙafa da hannu. Mai zuwa biki ya ninke kayan adonsa ya sa a leda, ya tsallaka cikin tufa mara nauyi, ya sauya in ya isa. Mata na iya zaɓar hijabi matsakaici a ɗaura rigar kariya a kansa, sutura ta samu, motsi bai gagara ba. Takalmin roba mai sauƙin cirewa ya fi sau-ciki mai igiya.

Inda rigunan ba su wadata ba, akwai dabarar da mutanen yankin suka gada. Masuntan ƙasar Bade sun daɗe suna hawa gora su yi su a kan ruwa. Jarka mai cin lita 20, in babu komai cikinta kuma murfinta ya ɗauru sosai, tana iya tallafe nauyin da ya kusa kilo 20 a kan ruwa, wanda ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. A ɗaura mata gajeriyar igiya a marikinta, a ajiye ta a saman kaya inda hannu zai kai. Amma jarka sai an riƙe ta, kuma wanda ya suma ko yaro ƙarami ba zai iya ba. Taimako ce, ba ta maye gurbin riga. A haɗa da ƙwarya ko roba ta kwarfe ruwa, da usur a wuyan kowane yaro da ya yi wayo, da tocila mai sabon batir. Usur yana da muhimmanci na musamman a wannan yanki saboda ciyawar kacala, wadda ta mamaye magudanan ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke sauka. Tana da tsawon da ya fi mutum, kuma wanda ya maƙale a cikinta ana iya jin sa ba a ganin sa.

A manyan jiragen shaƙatawa da ke yawo da dubban fasinjoji a tekun Bahar Rum da Karibiyan, wannan tsari doka ce. Bayan da jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka mutu, Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta tsaurara ƙa'ida: daga 2015 dole a nuna wa fasinjoji wurin taruwa da yadda ake sanya riga kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Matafiyan irin waɗannan jiragen kuma sukan ware ƙaramar jaka ta fasfo da magunguna da ba ta barin hannunsu, saura kuwa a miƙa wa ma'aikata. Darasin ya dace da kwale-kwalen katako kamar yadda ya dace da jirgi mai hawa goma sha biyar.

Ƙaramar jakar mai bin ruwan Yobe ta ƙunshi waya da cikakken caji, da katin shaidar ɗan ƙasa, da katin rigakafin yara, da kuɗi, da maganin duk wanda ke shan magani kullum, kamar mai hawan jini ko ciwon suga ko asma. A naɗe su cikin leda biyu, a ƙulle bakin kowace, a rataya a jiki ta cikin riga. A rubuta lambar wani ɗan'uwa a takarda a sa cikin ledar, domin waya na iya mutuwa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, sai dai sabis ba ya kaiwa ko'ina cikin fadama. Don haka kafin a tashi a sanar da wani a gida mashigin da za a bi, da ɗan fiton da za a shiga jirginsa, da lokacin da ake sa ran isa.

Ruwan sha kuwa daga gida ake ɗauko shi. Abin mamaki ne a ce mutum yana tsakiyar ruwa yana guzurin ruwa, amma na kogi da na tafki, musamman bayan ambaliya ta wanke masai da garken dabbobi, hanya ce ta gudawa da kwalara. A tafi da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A hana yara wanka da wasa a ruwan da ke kwance kusa da ciyayi, domin nan ne katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya take zama, kuma ta fata cutar ke shiga. Idan za a kwana, gidan sauro mai magani ba ya da nauyi. Abinci ya zama busasshe wanda ba ya lalacewa da wuri: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, gurasa. Ba a kunna risho ko gawayi a jirgi, balle mai inji da ke ɗauke da jarkar fetur.

Lokacin shekara yana sauya jerin. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa ya cika, yana da ƙarfi, kuma hadari na iya tasowa da iska cikin ɗan lokaci, don haka ledar rufe kaya da ta rufe jiki sun zama dole. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda shi ne lokacin kallon tsuntsaye, matsalar sanyi ce da hazo. Yaron da ya jiƙe iskar hunturu ta buge shi yana iya galabaita ko da an tsamo shi lafiya, saboda haka rigar sanyi da bargo ƙarami su kasance cikin leda a bushe. Da bazara kuma zafi kan haura digiri 40, kwale-kwale ba shi da inuwa, sai a nemi malafa da ƙarin ruwa.

Wanda ya tashi daga Jajimaji bayan sallar asuba yana da sararin duba jirgi, ya ga ko yana yoyo, ya lura da yadda bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ya kuma ce a'a ya jira na gaba. Wanda ya iso mashigi dab da magariba ba shi da wannan zaɓin, domin kowa na rububin sawun ƙarshe, ɗan fito kuma yana son kwashe kowa a tafiya ɗaya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, in ji Hausawa. In rana ta yi ƙasa, kwana a gidan 'yan'uwa ya fi.

Dawowa ce ta fi yaudara. An tafi da kaya kaɗan, amma za a komo da buhun shinkafa, da kwalin bandar kifi, da tsarabar da dangi suka haɗa, wani lokaci har da akuya ko babur. Nauyin buhu ɗaya mai kilo 50 daidai yake da na yara biyu ko uku, dabba kuma in ta firgita ta yi tsalle tana iya karkata jirgin. Irin waɗannan kaya a ba su sawu na daban tare da namiji ɗaya da ya iya iyo, mata da yara su bi jirgin da ba a yi masa lodi ba, a haɗu a ɗaya gaɓar.