Wa ya nuna wa saiwa hanyar ƙasa?

Manomi idan yana shuka ba ya tsayawa gyara wa ƙwayar gero kwanciya. Ya jefa a rami, ya take da diddige, ya wuce. Wata ta faɗi a kife, wata a karkace, amma bayan 'yan kwanaki duk saiwoyin sun nufi ƙasa, tsiro ya nufi sama. Ga duhu, ga rashin ido. To yaya aka yi?

Wani ɗan Ingila, Thomas Knight, ya gwada abin a 1806. Ya ɗaura iri a bakin wani faifai da ruwa ke juyawa da sauri. Da irin ya tsiro, sai saiwoyin suka miƙe waje, inda juyawar ke wurga su. Ashe abin da saiwa ke bi shi ne ja, kuma a gona ƙarfin jan ƙasa ne ke jan ta.

A 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka nuna inda jin yake. Idan aka yanke ɗan tsinin saiwa aka kwantar da ita, za ta ci gaba da tsawo amma ba za ta lanƙwasa ba, sai tsinin ya sake fitowa.

A kan tsinin nan akwai 'yar hula mai kare shi daga gogar ƙasa. A tsakiyar hular akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da ƙananan dunƙulen sitaci, waɗanda suka fi ruwan da suke ciki nauyi. Duk wadda ta taɓa rege shinkafa ta san yadda tsakuwa ke kwantawa a gindin ƙwarya. Haka sitacin nan yake. Da an karkata saiwa, cikin 'yan mintoci ya gangara sabon gindi, saiwa ta gane ina ne ƙasa.

Daga nan sai aikin wani sinadarin girma da ake kira oksin. Yakan taru a gefen da ke ƙasa, kuma a saiwa yawansa na rage girma. Gefen sama ya yi ta tsawo, na ƙasa ya ja baya, dole ta sunkuya. Abin da ya fi burge ni shi ne a kara sinadarin nan ƙara girma yake yi. Shi ya sa dawar da iska ta kwantar takan lanƙwashe a gaɓa ta ɗago kai.

Gyada ma tana da tata dabarar. A sama take fure, amma da furen ya ɗauki ciki sai wani siririn tsinke ya fito daga gindinsa. Ba saiwa ba ne, amma shi ma yana da irin sitacin nan, ya bi ja har ya huda ƙasa, can a duhu kwanson ya kumbura.